Na Bi Hanyar Alhazan Ƙafa Zuwa Wajen Abokina a Adre

A ƙarshen watan Janairun 2025, hunturu na tsaka da kaɗawa, na bar Kano da jakar kayana da kwalayen magunguna guda biyu, na nufi Adre, wani gari a gabashin Chadi da ke bakin iyakar Sudan. Wanda zan je gani abokina ne, likita kamata, wanda muka yi karatu tare a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani. Uwargida ba ta so tafiyar ba. Ta ce in tura masa kuɗi kamar yadda na saba, hanyar ba ta da kyau. Na ce mata kuɗi sun sha zuwa, ni ne ban je ba, kuma mutumin da aka kashe wa ƙane ba a yi masa ta'aziyya ta waya a ce an gama.

Daga Kano zuwa Damaturu babu abin ba da labari, sai Wudil da Azare da Potiskum da ƙura. Daga Damaturu ne direba ya fara duba agogo, domin ana rufe hanyar shiga Maiduguri kafin yamma, kuma babu direban da ya manta da abin da ya faru a Auno a watan Fabrairun 2020, lokacin da aka ƙone matafiyan da suka kwana a bakin shinge. Mun shiga da sauran rana. Na sauka a gidan wani abokin aiki, ya zaga da ni Gwange ya nuna mini shatin ruwa a jikin katangu, inda ambaliyar madatsar Alau ta kai a watan Satumban 2024. Wani wurin shatin ya wuce kaina.

Washegari da sassafe muka taru a tashar Muna. Hanyar Dikwa da Gamboru ba a bin ta yadda aka ga dama, sai motoci sun yi jerin gwano sojoji sun yi rakiya. A shingaye da yawa fasinja ke sauka su taka da ƙafa, mota ta biyo su a baya. Kwalayena sun sha buɗewa, kuma ban ga laifin masu buɗewar ba, tunda magani na cikin kayan da ake tsoron su faɗa hannun mutanen daji. Takardar da na karɓo daga wurin aiki da katin shaidata na likita su suka riƙa fitar da ni. Wani soja matashi, bayan ya gama bincike, ya ja ni gefe ya nuna mini wani ƙurji a ƙafarsa da takalmi ya hana warkewa. Na wanke masa na ɗaure, jerin motoci na jira.

Kwalta ta ƙare a wurare da dama, sai ramuka da ƙasa baƙa mai tsagewa, da kufan ƙauyuka, da gawar motocin da aka ƙone. A nan ne na fara tunanin kakan abokina. Mutumin ƙasar Haɗeja ne, ya tashi da ƙafa zai je Makka, ya bi wannan hanyar dai da nake kai: Borno, Kusuri, Wadai, Darfur. Alhazan ƙafa kan yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙwadago suna ƙara gaba har su kai Suwakin a bakin Bahar Maliya. Shi a dawowa ne ya tsaya a Jinena, babban birnin jihar Darfur ta Yamma a Sudan, ya yi aure, bai sake ganin Haɗeja ba. Irinsu suna da yawa a Sudan, daga Darfur har Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, inda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bayan yaƙin Burmi na 1903.

Haɗuwarmu da jikan nasa a layin sayen ful, dafaffen waken da ake ci a Sudan, aka yi ta, a shekararmu ta farko. Larabcina na littafi ne, mai ful bai gane ni ba, ni ma ban gane shi ba, na yi tsaki na yi ƙorafi da Hausa. Sai na ji an ce daga bayana, "Sannu Bakano, yi haƙuri, me kake so a zuba maka?" Har yau da Bakano yake kira na, ni kuma in ce masa Dakta, tun kafin ɗayanmu ya ci sunan. Tsarin karatun likita a Jazira na tura ɗalibai ƙauye ne tun da wuri, don haka tare muka yi ta yawo a ƙauyukan bakin magudanan ruwan noman auduga, muna gwada fitsarin yara saboda tsargiya, muna ɗibar jini saboda maleriya. A can na fara ganin ciwon nan na madura, mai kumbura ƙafar manomi tana fitar da ƙwayoyi baƙaƙe har a kai ga yanke ta. Shi yake yi mini tafinta, ni kuma in yi masa bitar littattafan Turanci da dare.

Wani dogon hutu ya tafi da ni gidansu a Jinena. Na tuna gonakin mangwaro a bakin Wadi Kaja, da yadda mahaifiyarsa ta ƙi barin in taɓa kwano in wanke. Da aurena ya tashi, shi ma ya zo Kano, ya kawo wa amarya humra da dilka daga wajen Inna. Na kai shi Kurmi da Dala, muka je Haɗeja neman dangi, muka yi ta shiga zaure muna fita, ba mu samu wanda ya tuna kakan ba, amma ya ɗebi ƙasar garin a leda ya kai wa mahaifinsa. Bayan haka aiki ya raba mu. Ni na karkata ga yara, shi ya zama mai tiyata. Sai dai kusan kowane mako akwai hoton ƙirji ko na ƙashi da ɗayanmu zai tura wa ɗaya ta WhatsApp, da tambayar "me ka gani?" Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano a farkon 2023, shi yake kira na da dare yana tambayar ko mun samu maganin kashe dafin. Ba a yi wata uku ba ya zama ni nake neman sa ban samu.

A Gamboru na canji kuɗi. Sefar Chadi da Kamaru daban take da ta Nijar, duk da darajarsu ɗaya, don haka wanda ya zo da ta Maraɗi sai ya sake canji. Jaka ɗaya ta sefa ta haura naira dubu biyu a lokacin, abin da na ƙunso daga Kano ya koma ɗan kaɗan a tafin hannu. Muka haye gadar El Beid zuwa Fotokol, daga nan mota ta kai mu Kusuri, garin da aka kashe Rabe a 1900. A wannan ɗan tsakanin na ga abin da ya ɓata mini rai: igiya a gicciye, mai kaki a zaune a inuwa, baƙo ya miƙa takardunsa cikakku amma ba za a mayar masa ba sai ya ɗora wani abu a kai. Wata tsohuwa da ke kusa da ni kuka ta yi kafin a bar ta.

Gadar Ngeli ta kan kogin Logon ita ta shigar da ni Njamena. Na sauka wajen wani ɗan kasuwa Bakano da ke da shago kusa da babbar kasuwa, ba nisa da Masallacin Sarki Faisal. Garin a ɗaure yake. A ranar 8 ga Janairun an kai hari fadar shugaban ƙasa, kuma a makon da na isa ne sojojin Faransa suka miƙa sansaninsu na ƙarshe suka fice. Rajistar baƙo da takardar izinin zuwa gabas da ta shiga wurin 'yan gudun hijira sun ci mini lokaci, amma mai masaukina ya san ƙofofin. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda Hausa ke ci a kasuwar. Na sayi kifin salanga busasshe, na sha karkanji, wato zoɓonmu dai, na hau babur na sauka, duk ban nemi Faransanci ba.

Motar Abeshe babbar bas ce, kuɗinta ya fi duk abin da na biya daga Kano zuwa Gamboru, tafiyar kuma ta kusan kilomita 900 ce. Wanda ya saba da hanyoyinmu, inda ba ka rufe ido ka buɗe ba ka ga ƙauye da masallaci da mai rake ba, zai sha mamakin wannan ƙasa. Sai a yi tafiyar awa guda ba gida ko ɗaya, sai ƙaya da aduwa da garken raƙuma. Na ga makiyaya suna ƙaura, mata a cikin rumfuna masu ado a kan raƙuma, ƙore da tukwane na reto a gefe. Wajen Bitkin da Mongo duwatsun Gera suka taso daga fili kai tsaye, jajaye da hasken yamma. A Mongo muka ci gasasshen naman raƙumi da barkono da lemun tsami, muka bi da shayi mai sukari kamar a tsaya da cokali a ciki. Ni dai idona na kan abu ɗaya: tsakanin asibiti da asibiti a wannan hanya, mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata ina za ta kai? Muna kukan ƙarancin asibiti a karkarar Kano da Jigawa, kuma kukanmu gaskiya ne, amma nisan da na gani a nan wani abu ne daban.

Na kwana a Abeshe, tsohon birnin sarakunan Wadai, a wani ɗaki mai gado da buta da fanka marar wuta. Daga nan kwalta ta yi sallama. Sauran kilomita kusan 160 zuwa Adre a bayan Land Cruiser muka yi su, a kan buhuna, kowa ya naɗe fuska da rawani. Hanyar tana ratsa rafuka busassu masu yashi, waɗanda in damina ta sauka sukan tsare mota kwana da kwanaki. Mun wuce Farshana, sansanin da aka buɗe tun 2004 domin waɗanda suka gudo daga yaƙin Darfur na farko. Wani saurayi da ke zaune kusa da ni ya ce a ciki aka haife shi, yanzu ga shi da 'ya. Maganar ta tsaya mini a rai har muka isa.

Adre gari ne da a da mutanensa ba su wuce dubu 40 ba. Yanzu a gefensa akwai fili da ido ba ya ganin ƙarshensa, cike da bukkokin zana da tsummokara da leda, mutum sama da dubu 200 a ciki. A bakin tasha na hango shi, da jallabiya fara da ta sha wanki. Ya rame ƙwarai, furfura ta cinye gemun. Muka yi gaisuwar Sudan, kowa ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa, sannan muka rungumi juna. Da muka saki, na ɗaga hannuwa na ce "Fatiha", kamar yadda suke yi wa mamaci, shi ma ya ɗaga. Muka karanta a tsaye, masu amalanke na kewaye mu. Da ya shafa, ya ce, "Bakano, ashe za ka zo." Ban iya ba shi amsa ba.

Yana haya a wani ɗan gida na laka a cikin gari, ɗaki biyu, shi da matarsa da yara da Inna da matar marigayin da 'ya'yanta. Inna ta tsufa, idonta ya yi yana. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce, "Ɗana, ka sha hanya. Zumunci a ƙafa yake, Allah Ya yi maka albarka." Yaran suna ce mini Baffa, har da babban, wanda aka sa wa sunana. Aka kawo asida da miyar busasshiyar kuɓewa. Na san abin da wannan kwanon ya ci musu, na kuma san in na rage zan ɓata wa Inna, don haka na cinye. Bayan nan matarsa ta soya gahawa a kan garwashi, ta daka da citta, ta zuba a jabana ta ƙasa. Kofunan ba su kai mu ba, muka riƙa karɓa-karɓa.

Sai da dare ya raba, muna kwance a tsakar gida a kan tabarma, ya ba ni labarin, ban tambaya ba. Yaƙi tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun RSF, rundunar ɗaukin gaggawa ta Hamidti, ya fara a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, kafin watan ya ƙare ya iso Jinena. Asibitin da yake aiki ya tsaya, aka wawashe shi. Shi da wasu nas-nas suka mayar da wani gida wurin jinya. Ya ce ya ciro harsashi da hasken waya, ya ɗinke ciki da allurar kashe zafi ta wuri ɗaya, ya tafasa zanin gado ya yi bandeji. Ruwa ya fi komai wuya, domin zuwa rijiya na nufin ratsa titin da maharba ke kallo. A hanyar ɗebo ruwan ne aka harbi ƙanensa. An kawo masa shi da sauran numfashi, jijiyar cinya ce ta tsinke, babu jinin da za a ƙara.

Ranar 14 ga Yuni aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, daga nan gari ya fashe. Suka fito da ƙafa, tafiyar kusan kilomita 30 zuwa Adre, Inna a kan jaki. A kowane shinge tambayar ɗaya ce: wace ƙabila? 'Yan ƙabilar Masalit ake nema, amma baƙar fata ta isa ta jawo wa mutum harsashi. Ya jefar da katinsa na aiki da abin sauraron ƙirjinsa a rami tun kafin shingen farko, domin an san ana farautar likitoci da lauyoyi da malamai. Da ya iso, a cikin kwana uku asibitin Adre ya karɓi masu rauni fiye da 850. Ya ce ya ajiye iyali a ƙarƙashin bishiya ya tafi can ya ce musu shi mai tiyata ne. Babu takarda ko ɗaya a hannunsa. Aka ba shi safar hannu ya riƙa wanke rauni yana tafinta. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta mutum dubu 10 zuwa 15 aka kashe a Jinena a shekarar. Shi ba ya faɗin adadi, sunaye yake jerowa.

Da safe na bi shi wurin aiki, wata rumfa ta zana da tamfol a cikin sansanin, wadda ma'aikatan lafiya 'yan gudun hijira suka kafa da kansu. Kafin mu isa layi ya yi tsawo. Na miƙa masa sabon abin sauraron ƙirji da na sayo a Kano. Ya juya shi a hannu, ya rataya a wuya, ya gyara zaman jallabiyarsa, ya ce, "To Dakta, bismilla, mu fara zagaye." Tun muna ɗalibai bai taɓa kira na da wannan sunan ba.

Yaran da na gani irin waɗanda nake gani a gida ne: gudawa, ƙyanda, ciwon haƙarƙari, tamowa. Uwa ta miƙo yaro, ka naɗa tef ɗin awo a dantsensa, ya faɗa ja, alamar tamowa mai tsanani. Wata yarinya 'yar shekara biyu aka kawo, ƙafafu a kumbure, gashi ya yi ja ya kwanta, fatar cinya na saɓulewa. Ya ce, "Wannan fanninka ne, me ka gani?" Na danna bayan ƙafarta, yatsana ya bar rami. Na ba ta abincin gyaɗar nan na masu tamowa, ta kau da kai. Yaron da ya ƙi ci ba na gida ba ne, na kwanciya ne, kuma ba a yi masa gaggawar ƙarin ruwa ta jijiya don zuciyar ba za ta ɗauka ba. Muka rubuta takarda tare aka wuce da ita asibiti a amalanke. Shi kuma ya nuna mini abin da ban saba gani da yawa haka ba, mata masu ciki da idanu rawaya. Ciwon hanta nau'in E ne, wanda ya ɓarke a sansanonin tun farkon 2024, gurɓataccen ruwa ke kawo shi. Ga namiji yakan zo ya wuce, amma mace mai tsohon ciki yana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar. Maganinsa ruwa mai tsabta da masai da sabulu, abubuwan da ba sa cikin kwalayena.

Na ga yadda ya canza a wannan yinin. Muryarsa ta dawo. Muka yi musu a kan wani dattijo mai kumburin ciki, shi ya ce tsargiyar hanji ce ta lalata hanta, ni na ce a duba zuciya, ya yi dariya ya ce har yanzu Bakano bai yarda da abin da aka koya masa a ƙauyen Jazira ba. Abin da yaƙi ya ƙwace masa bayan gida da ƙane shi ne wannan, wanda zai tsaya kusa da shi ya ɗauke shi a matsayin likita ya yi masa gardama. Mutumin da ya shekara fiye da goma yana buɗe ciki yanzu ba shi da izinin riƙe wuƙa, saboda shaidar karatunsa ta ƙone. A ganina wannan asara ce ga marasa lafiyar ma, ba shi kaɗai ba. Akwai nas da unguwar zoma da masu haɗa magani da yawa a cikin bukkokin nan, hannunsu a ɗaure, alhali layi na jira.

Na yi masa tayin da na zo da shi: ya taho Kano da iyalin duka, akwai ɗaki, ya zauna jarrabawar likitocin da suka yi karatu a waje, asibitocinmu na neman mai tiyata ido rufe tunda namu na ta ficewa Ingila da Saudiyya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya saka, ɗan'uwa. Amma mutanen layin nan maƙwabtana ne. Wasu ni na ciro musu harsashi. Inna kuma ta ce ba za ta ƙara nisa da kabarin ɗanta ba." Ban sake tayar da maganar ba. Muka koma hirar Madani, wadda RSF ta kama a Disamban 2023, sojoji suka ƙwato ta ranar 11 ga Janairu, makonni kaɗan kafin zuwana. Muka yi ta lissafin malamanmu da 'yan ajinmu, wane yana Masar, wane yana Port Sudan, wane ya rasu.

Ranar da zan taho ya raka ni kusa da iyaka. Amalanken doki na ta kai da kawo da kaya, sababbin masu gudu na zaune a ƙasa suna jiran a rubuta sunansu, yawancinsu mata da yara. Ya tsaya a wani wuri ya ce iyakarsa ke nan, ba ya ƙarasawa.

Dawowa ta bi hanyar da zuwa ya bi, sai dai babu kwalaye, bincike ya yi sauƙi. Tun da na iso nake bin 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, muna neman yadda za a fitar masa da kwafin shaidar karatunsa da ta rajistarsa, mutum biyu da ke Port Sudan sun karɓi aikin. Hotunan marasa lafiya sun ci gaba da shigowa wayata duk lokacin da ya samu intanet. Ya aiko da jerin abin da rumfar ta fi buƙata: gishirin gudawa, maganin ƙarin jini na masu ciki, safar hannu, sabulu, da tef ɗin awon dantse. Mai masaukina na Njamena ya yarda zai karɓa ya ɗora a motar Abeshe, da sharaɗin kayan su isa hannunsa kafin watan Yuni, domin da ruwa ya sauka rafukan hanyar Adre sun cika.